Hoton fuska na baƙi da fari: Yadda ake zaɓen fim da wanke shi

Duk da mamayar da wayar hannu ta yi wa sana'ar hoto, Kodak na Amurka da Ilford na Ingila ba su daina ƙera fim na baƙi da fari ba. Da irinsa ne marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya tattara hotunan kitson matan Nijeriya tun daga 1968. Haka ma Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948: daga dodon hotunan da ya adana aka wanke waɗanda suka yi masa suna a duniya bayan 1990.

Fim dai sau ɗaya ake wanke shi. Idan wankin ya ɓaci babu gyara, kuma dattijon da aka ɗauka ba lalle ya sake zama ba.

Zaɓen fim

Lambar ISO ke nuna yawan hasken da fim yake bukata. Mai ƙaramar lamba, kamar Ilford FP4 Plus (125), yana son haske sosai, amma yana fitar da fata sumul. Mai lamba 400, kamar Kodak Tri-X ko Ilford HP5 Plus, yana aiki a inuwa da cikin zaure, yana kuma jure ɗan kuskuren awon haske, sai dai hotonsa kan yi tsaki-tsaki idan aka faɗaɗa shi.

Fim mai faɗin milimita 35 yakan ba da hoto 36. Na 120 kuwa, a kyamara mai dodo santimita 6 tsawo da faɗi, 12 kacal yake bayarwa, amma zaren rawani da layin kitso sun fi fitowa a cikinsa. Wanda ya tasar wa aikin hotuna masu yawa gara ya tsaya a kan fim ɗaya da sinadari ɗaya, domin fuskokin su fito da kama ɗaya.

Awon haske

Na'urar awon haske tana ɗaukar duk abin da ke gabanta a matsayin toka-toka. Saboda haka farar babbar riga kan yaudare ta ta rage haske, sai fuskar mai duhun fata ta nutse. Maganin shi ne a auna hasken a kan fuska, a zaunar da mutum a inuwa ko kusa da ƙofa. Idan rana ta yi tsanani, akan ƙara haske kaɗan wajen ɗauka, a rage lokacin wanki don kada zanen aikin riga ya ɓace.

Wanki

Ana naɗe fim a cikin duhu ƙirin, a rufe shi cikin tankin da haske ba ya shiga. Sinadari na farko, kamar D-76 ko ID-11, yana mai da gishirin azurfar da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa. Ilford ya ƙayyade wa HP5 Plus minti 7 da rabi a ID-11 da ba a sirka ba, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. Na biyu yana tsayar da aikin na farko, na uku kuma yana narkar da gishirin da ya rage, domin dodon ya daina jin haske. Daga nan sai ɗauraya sosai, domin ragowar sinadari kan ɓata dodo bayan shekaru.

A ƙasa mai zafi kamar Nijeriya, ruwan famfo yakan wuce digiri 20 nesa ba kusa ba. Zafi yana gaggauta wanki, kuma wankin da bai kai minti 5 ba yakan fito dabbare-dabbare. Don haka akan sanyaya kwalaben a kwano mai ƙanƙara, a kuma daidaita zafin dukkan ruwan, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana yamutsa fuskar fim.

A lokacin hunturu, ƙura ce babbar abokiyar gaba: a shanya fim a rufaffen ɗakin wanka, kada a taɓa shi sai ya bushe sarai.