Tarihin Talla a Hausa: Abin da Takardun Ajiya Suka Riƙe da Abin da Ya Kuɓuce Musu

Duk mai nufin baje kolin tarihin talla a harshen Hausa, inda zai fara dosa shi ne ɗakunan ajiyar takardu na Kaduna, domin a can tsofaffin jaridu suke. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. A shafukanta ne kamfanoni suka koyi tallar sabulu da magani da keke da baƙaƙen boko. Bayanta sai jaridun larduna na zamanin NORLA, cikin shekarun 1950, kamar Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano.

Sai dai wannan taska muryar ɓangare ɗaya ce, watau ta mai injin ɗab'i da mai kanti. Garin Gure, da ke gabas da Damagaram, ya isa misali. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka can a ƙarshen 1852, ya tarar da babban birnin ƙasar Muniyo, Muniyoma Koso yana kan gado. Ƙasa ce ta Manga, masu magana da Barbarci, amma Hausa tana cikin harsunan kasuwarta, kuma mangul da kanwa da dabbobi suna fita daga yankin zuwa kudu, balle bayan da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930. Duk wannan ciniki an yi shi ne da tallar baka: dillali yana yabon hajja, ƴar talla tana kiran abin da ke kanta, sanƙira yana shelar sarki, maroƙi yana kirarin attajiri. Ba a rubuta wannan ba, saboda haka bai shiga kundi ba. Abin da ofishin kumandan ya ajiye da Faransanci yake, kuma haraji da ƙidayar jama'a suka fi damunsa.

A Nijar, bugun Hausa ya zo ne ta ƙofar hukuma, ba ta ƙofar ƴan kasuwa ba. Ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda aka kafa a farkon shekarun 1960, ita ta fitar da jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii da Muryar Damagaram. Sunayen biyun farko kaɗai sun nuna ƙa'idar taron Bamako na 1966, wadda ta ce a ninka wasali mai tsawo, alhali kuwa Zariya ba ta ninkawa. Sakamakon haka, manomin da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci na Gure, in ya ɗauki kwalin magani ko jaridar da ta haura daga Kano, sai ya ga rubutun da ba shi aka koya masa ba. Taron Yamai na 1980 ne ya zo ya daidaita rubutun ƙasashen biyu. Amma an riga an shafe shekara 14 ana tafiya a rarrabe.

Akwai kuma matsalar kuɗi, wadda masu tsara littattafan karatu suka daɗe suna fama da ita. Tallar Zariya tana maganar fam da sule da kwabo, daga 1973 kuma naira da kwabo. A kasuwar Gure da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Abin da aka rubuta 100 a jikin kaya, baki yana cewa dala 20. Abin da aka rubuta 1.000, jika ɗaya ce, watau dala 200. Wanda ya iya harhaɗa baƙaƙe amma bai iya wannan juyi ba, ana iya cutarsa yana riƙe da takardar a hannu.

Cike wannan giɓi sai an koma ga faifai. Cibiyar tattara al'adun baka da aka kafa a Yamai cikin 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO, ta fi karkata ga tarihin sarauta da tatsuniyoyi da waƙoƙi. Kiran mai sayar da mangul a ranar kasuwa ba a ɗauke shi adabi ba, ga shi kuwa a cikinsa ake jin inda Hausa da Barbarci suke cuɗanya, da sunayen mudu da tiya da awon gishiri kamar yadda mutanen wurin suke faɗinsu.