Takardar Tuba ta José Rizal: Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa

Ranar 30 ga watan Disamba na shekarar 1896, da sanyin safiya, sojojin mulkin mallaka na Sifaniya suka harbe Dokta José Rizal a filin Bagumbayan na birnin Manila, yana da shekara 35. A ranar nan jaridun birnin, watau La Voz Española da Diario de Manila, suka buga matanin wata takarda wadda aka ce ya rubuta da hannunsa a jajibirin mutuwarsa, yana tsare a kurkukun Fort Santiago. A ciki ya ce shi ɗan Katolika ne, a kan wannan addini yake son ya cika, ya janye duk abin da ya faɗa ko ya rubuta wanda ya saɓa wa majami'a, ya kuma yi tir da ƙungiyar asiri ta Mason wadda ya taɓa shiga. Tun daga lokacin masana tarihin ƙasar Filifin suke ja-in-ja a kan ko Rizal ne ya rubuta ta.

Sai mun san abin da aka ce ya janye kafin mu gane nauyin maganar. Rizal likitan ido ne, amma alƙalaminsa ya fito da shi. Ya wallafa littattafan ƙagaggen labari biyu cikin Sifaniyanci: Noli Me Tángere a Balin a 1887, da El Filibusterismo a Ghent ta ƙasar Beljiyam a 1891. A cikinsu ya tona asirin limaman ɗarikun Katolika ƴan Sifaniya, waɗanda suka riƙe gonaki da makarantu da ragamar garuruwa. Aka hana littattafan, aka kore shi zuwa Dapitan a 1892. Da tawayen ƙungiyar Katipunan ya ɓarke a 1896 sai aka ɗora masa alhakinsa, alhali shi bai goyi bayan ɗaukar makami a lokacin ba. Masu aikin ƙa'idojin rubutu za su so su ji cewa wannan mutumin ne ya rubuta maƙala a jaridar La Solidaridad a 1890 yana neman a shigar da baƙaƙen k da w cikin rubutun harshen Tagalog.

Matsala ta farko ita ce kwafi ya riga asali fitowa. Jaridu sun buga matanin, amma ba a nuna wa jama'a takardar kanta ba. Dangin Rizal sun nemi su gan ta, ba su samu ba. Daga baya ma aka ce ta ɓata. Sai ranar 18 ga watan Mayu na 1935 wani limami, Fada Manuel García, ya ce ya same ta a ma'ajiyar takardun babban bishop na Manila, kusan shekara 39 bayan kisan. A tsakanin nan madogarar kowa ita ce shaidar Fada Vicente Balaguer, ɗan ɗarikar Jezuwit, wanda ya yi rantsuwa a rubuce a 1917 cewa shi ya kwana yana muhawara da Rizal, ya shawo kansa wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, kuma shi ya ɗaura masa aure da Josephine Bracken da asuba.

Da aka jera takardar 1935 da matanin Balaguer sai aka tarar ba su zo daidai ba. Ɗaya ta rubuta cualidad inda ɗayar ta rubuta calidad. Akwai kalmar da ke nan, babu ita a can. Rabon sakin layi ya bambanta. Bugu da ƙari, takardar 1935 tana ɗauke da sunayen shaidu biyu, hafsoshin soja Juan del Fresno da Eloy Moure, waɗanda babu su a matanin Balaguer. Duk wanda ya taɓa kwatanta kwafe-kwafen rubutun hannu ya san irin wannan saɓani abin yau da kullum ne, domin mai kwafi yakan tsallake kalma ko ya gyara rubutu zuwa yadda hannunsa ya saba. Saɓanin ya isa ya sa a yi shakkar ingancin kwafin Balaguer, amma shi kaɗai bai isa ya mai da takardar ta jabu ba.

Masana rubutun hannu su ma ba su raba gardamar ba. Ricardo Pascual ya binciki siffar baƙaƙen a 1935, ya ce kwaikwayo ne, H. Otley Beyer da José del Rosario suka ce hannun Rizal ne. A 1962 Ildefonso Runes da Mamerto Buenafe suka danganta aikin ga wani Roman Roque, wanda aka sani da kwaikwayon sa hannu, sai dai hujjarsu ji-ta-ji-ta ce. Marubuta tarihin rayuwarsa kuwa, Rafael Palma da Austin Coates sun ƙaryata tuban, León María Guerrero ya gaskata shi. Masu ƙaryatawa suna da tambayoyi masu ƙarfi. In ya koma cikin majami'a, don me aka binne shi a maƙabartar Paco a ɓoye, ba akwati, ba alama, har sai da ƴar'uwarsa Narcisa ta yi ta cigiya? Ina kuma takardar auren?

A 2016 masanin tarihi René Escalante ya jawo hankali ga wata shaida da ba ta fito daga hannun limamai ba: rahoton Federico Moreno, jami'in ƴan leƙen asirin gwamnatin mallaka, wanda aka rubuta ranar kisan. Rahoton ya ce Fada March da Fada Vilaclara sun kawo wa Rizal takardar tuba shiryayya, ya ƙi sa hannu. Daga bisani ya zauna shi kaɗai ya daɗe yana rubutu. Da ƙarfe uku na yamma ya miƙa wa Fada March abin da ya rubuta, sa'an nan hafsoshin nan biyu suka sa hannu tare da shi. Auren ma an ambace shi. Sunan Balaguer kuwa bai fito ko sau ɗaya ba.

A ganina wannan rahoto ya rinjayar da mizani zuwa ga cewa Rizal ya sa hannu a kan wata takarda, a lokaci guda kuma ya raunana labarin da majami'a ta daɗe tana dogara da shi. Ya kuma nuna mutum mai ƙin kalmomin wani, mai zaɓen nasa, wanda ya bambanta ƙwarai da karyayyen fursunan da Balaguer ya siffanta. Amma Moreno bai kwafi abin da aka rubuta ba, saboda haka bai tabbatar mana cewa takardar 1935 ita ce wadda aka sa wa hannu ba.

Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne makaranta. A 1956 Sanata Claro Recto ya gabatar da ƙudurin wajabta karanta littattafan biyu a makarantun ƙasar. Bishop-bishop suka tashi tsaye suna adawa, har aka yi barazanar rufe makarantun Katolika. Daga ƙarshe aka daidaita: an yarda ɗalibi ya nemi uzuri da rantsuwa a rubuce in karatun ya saɓa wa imaninsa. Shugaba Ramon Magsaysay ya sa wa doka mai lamba 1425 hannu ranar 12 ga watan Yuni na wannan shekara. Dokar ta kuma umarci a fassara littattafan daga Sifaniyanci, harshen da yawancin ƴan ƙasar ba su taɓa iya karantawa ba, zuwa Ingilishi da Tagalog da manyan harsunan ƙasar, a buga su da araha, a raba su kyauta ta hannun majalisun ƙauyuka.