Yadda ƙafar keke mai inci 28 ta samu gindin zama a ƙasar Gobir

Baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, wanda ya daɗe yana jigilar gero da albasa tsakanin ƙauyukan Isa da Sabon Birni da kasuwar Shinkafi, mutane da yawa suna ɗaukarsa tsohon yayi ne da talauci ya hana a rabu da shi. A ganina wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Ƙafarsa, wato wilin ƙarfe mai inci 28 da taya mai kaurin inci ɗaya da rabi, ta daɗe ne saboda ta dace da nauyin kayan da ake ɗora mata da irin hanyar da take bi, kuma idan ta lalace ana iya gyara ta a ƙauyen da babu kanti.

Asalinta daga Birtaniya ne. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya ƙera tayar da ake hura wa iska, a lokacin da kekuna ke tafiya a kan tsurar roba mai jijjiga ƙashi. Tayarsa ta farko liƙe take da wili, shi ya sa faci yakan cinye sa'o'i. Ba a jima ba Charles Welch ya fito da taya mai waya a bakinta a 1890, 'yan'uwan Michelin na Faransa kuma suka kawo tasu mai cirewa a 1891, daga nan mai keke ya samu damar zare tub ya liƙe huda ya mayar. Sai kuma wilin da ake kira Westwood, wanda birki ke kama shi ta ciki, ba ta gefe ba. Amfanin wannan babba ne, domin ko wili ya ɗan karkace bayan faɗawa rami, ƙafa za ta ci gaba da juyawa, birki kuma ya ci gaba da kamawa. Kamfanonin Ingila irin su Raleigh ta Nottingham sun saba sa wayoyi 32 a ƙafar gaba, 40 a ta baya, tunda a baya nauyi yake sauka.

Wannan keke ya shigo Arewa ta hannun kamfanonin ciniki irin su John Holt da UAC, ya bi sawun jirgin ƙasa. Layin dogo ya kai Kano a 1911, reshensa kuma ya isa Ƙaurar Namoda a 1929, daga can hanya ta miƙa zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni har iyakar Nijar. Kuɗin gyaɗa da auduga ne suka fara sayen keke a karkara. Ƙasar da ya tarar ba irin ta Nottingham ba ce: jigawa mai rairayi da rani, laka a fadamun gulbin Rima da damina, ga tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa a kowace hanyar ƙafa. Babbar ƙafa ta fi ƙarama sauƙin haye kwazazzabo da sawun amalanke, taya mai kauri kuma ba ta nutsewa a rairayi kamar siririya, musamman in an rage mata iska kaɗan.

Akwai shaida daga wani fage da ba shi da alaƙa da noma ko fatauci. A Arewa polo ta doki aka sani, wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna da ita. Amma tun 1891 wani ɗan tseren keke a Ailan, Richard Mecredy, ya ƙirƙiro polo a kan keke, har aka nuna wasan a gasar Olamfik ta Landan a 1908. Wajen ƙarshen shekarun 1990 matasa masu kai saƙo a keke a birnin Siyatil na Amurka suka mayar da shi filin siminti, mutum uku a kowane ɓangare. Waɗannan 'yan wasa suna da damar sayen wili mafi sauƙin nauyi da ake ƙera wa 'yan tsere, duk da haka da karo da bugun sanda suka yi ta karya musu ƙafafu sai suka koma ga wili mai faɗi da ƙarfi, wayoyi 36 har zuwa 48, da taya mai kauri. Hikimar ita ce yawan wayoyi yana raba nauyi, ko ɗaya ta tsinke sauran za su riƙe wili har a gama wasa. Lissafin da mai ɗaukar buhu biyu zuwa kasuwa yake yi ke nan, sai dai shi asararsa ta fi ta wasa.

Wani zai ce babu wani zaɓi a cikin lamarin, abin da Turawa suka kawo shi aka saya. Da gaskiya a ciki, domin manomin Gobir ba shi ya zana keken ba, kuma da zarar masu faci sun tara taya da tub da bawul na girma ɗaya, sauya shi yana wuya. Amma Raleigh, wadda har masana'anta ta buɗe a Kano, ta daɗe da rasa kasuwar, waɗanda suka gaje ta kuwa, Phoenix ta Sin da Hero da Avon na Indiya, suna ƙera kekuna iri-iri, amma mai inci 28 ɗin ne ya ci gaba da karɓuwa a karkara shekaru da dama bayan babu mai ikon tilasta shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu son kekunan hawa dutse na gwanjo, masu inci 26 da wilin alminiyam. Sun ce ƙarfe yana da nauyi, yana tsatsa, birkinsa kuma ba ya kamawa sosai idan wili ya jiƙe. Duk haka ne, kuma tayarsu mai faɗi ta fi iya rairayi. Inda suke faɗuwa shi ne wajen gyara. Wilin ƙarfe in ya lanƙwashe mai gyara zai miƙe shi da guduma ya ɗaure wayoyi, alminiyam kuwa yakan tsage, gwanjo kuma kowanne da girman kayansa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken Buffalo domin karkarar Afirka ta ɗauki inci 26, amma ta riƙe wilin ƙarfe da wayoyi masu kauri da kariya mai ɗaukar kilo 100. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hawa babur ya yi tashin gwauron zabi, saboda haka duk wanda zai sayi keke a Isa ko Sabon Birni, ko mai shirin raba wa ɗalibai, ya fara tambayar mai facin garin wace taya da wane tub yake da su a rumfarsa.