BABI NA UKU: SHIGAR WASAN STREET FIGHTER II CIKIN GIDAJE (1991–1994)

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda wasan faɗa mai suna Street Fighter II ya tashi daga gidajen wasa na kasuwa ya shiga ɗakunan jama'a. Za a duba asalinsa, da matsalolin da aka fuskanta wajen mayar da shi ƙaramar na'ura, sannan da tasirinsa ga gasar da ke tsakanin kamfanonin Nintendo da Sega.

3.1 Asalin Wasan

Kamfanin Capcom na ƙasar Japan shi ne ya fito da wannan wasa a shekarar 1991, bayan na farko da ya fitar a 1987. Akira Nishitani da Akira Yasuda ne suka tsara shi, Yoko Shimomura kuma ta shirya mafi yawan kiɗansa. A wancan lokaci sai a babban inji ake yin sa, wanda mutum zai jefa wa tsabar kuɗi kafin ya taɓa. Mai wasa yana da zaɓin mayaƙa takwas, wato Ryu da E. Honda daga Japan, Ken da Guile daga Amurka, Chun-Li daga Sin, Dhalsim daga Indiya, Blanka daga Barazil, sai Zangief daga Tarayyar Sobiyet. Injin yana da maɓallai shida, uku na naushi, uku na shuri. Abin da ya fi jawo jama'a shi ne karawar mutum biyu, domin wanda aka kayar sai ya sake biya ko ya ba wani wuri.

3.2 Mayar da Shi Na'urar Gida

A ranar 10 ga Yuni, 1992, Capcom ya fitar da wasan a kan na'urar Nintendo da ake kira Super Famicom a Japan, wadda aka sani da Super NES a Amurka da Turai. Aikin bai zo da sauƙi ba, saboda na'urar gida ba ta kai injin kasuwa ƙarfi ba. Faɗin hoton injin ɗigo 384 ne, na na'urar gida kuwa 256. Don haka sai aka rage girman mayaƙan, aka cire wasu daga cikin zane-zanen motsinsu, aka kuma sauya wasu wasannin ƙarin maki, inda fasa tubala ya maye gurbin fasa ganguna. Duk da wannan ragi, sai da aka yi amfani da kaset mai ɗaukar megabit 16, wanda shi ne na farko mai wannan girma a na'urar.

Wani abin lura shi ne, linzamin wasa na Nintendo yana da maɓallai shida, huɗu a fuska, biyu a kafaɗa. Wannan ya sa kowane naushi da shuri ya sami gurbinsa ba tare da an sauya tsarin faɗan ba. Haka kuma an ƙara sashe na musamman na karawar mutum biyu, inda za a iya rage wa gwani ƙarfi don sabon shiga ya sami damar tsayawa da shi. An sayar da kaset miliyan 6.3, kuma babu wani wasan Capcom da ya wuce shi ciniki sai a shekarar 2013, lokacin da Resident Evil 5 ya sha gabansa.

3.3 Gasar Nintendo da Sega

Kafin fitowar wasan, Sega ya riga ya kafu a kasuwar Amurka, domin na'urarsa ta isa can tun 1989, ta Nintendo kuwa sai 1991. Kasancewar Street Fighter II a na'urar Nintendo ban da ta Sega har fiye da shekara guda ya ba mai saye ƙwaƙƙwaran dalilin zaɓen ta. Sai a watan Satumba na 1993 ne Mega Drive ta Sega ta sami nata, mai suna Special Champion Edition, a kaset mai megabit 24. A nan ne matsalar linzami ta bayyana, saboda na Sega maɓallai uku gare shi, dole mai wasa ya riƙa danna maɓallin farawa don sauyawa daga naushi zuwa shuri. Sega ya fitar da sabon linzami mai maɓallai shida a wannan shekara.

Capcom ya ci gaba da fitar da gyararrun nau'o'i. Street Fighter II Turbo na 1993 ya sayar da miliyan 4.1 a na'urar Nintendo, Super Street Fighter II na 1994 kuma miliyan 2. Waɗannan alƙaluma sun nuna cewa ciniki ya riƙa raguwa. Mai saye ba ya son biyan kuɗin kaset sau uku a kan wasa guda.

3.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa nasarar wannan wasa a gida ta dogara ne ga riƙe tsarin faɗansa, ko da an rage kyan hoto. Wanda ya sayi kaset sau ɗaya ya huta da jefa kuɗi a inji, amma ya rasa haɗuwa da baƙin gwanaye da gidan wasa ke tarawa. Babi na gaba zai duba wasan Mortal Kombat da muhawarar da ya haifar a majalisar dattawan Amurka a 1993.