Tsutsar Da Ta Addabi Masu Haƙa Ramin Gotthard

A cikin shekarar 1838 wani likita mutumin Italiya, Angelo Dubini, yana binciken gawar wata mata a birnin Milan, sai ya ga waɗansu 'yan tsutsotsi, tsawon kowace kimanin santimita ɗaya, sun kafa baki a jikin hanjinta. Wannan ita ce tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shan jinin mutum sannu a hankali har ƙarfinsa ya ƙare, tafin hannunsa ya yi fari fat. Amma ganin nan bai amfani majinyaci da kome ba, gama a lokacin sai a cikin gawa ake ganinta.

Aka shekara arba'in a haka. A 1878 waɗansu masana na Italiya, Grassi da Parona, suka nuna cewa in aka ɗebi ɗan bayan gidan mutum aka duba da madubin likita, za a ga ƙwayayen tsutsar, don kuwa macen takan zuba dubbai kowace rana. Aiki ne na ƙazanta, ba mai musu, amma a ganina da shi ne aka fara yaƙin sosai, tun da yanzu ana iya gane cutar a jikin mai rai.

Ba a daɗe ba ranar dabarar ta zo. Tun 1872 ake haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard a ƙarƙashin duwatsun Suwizalan, mai tsawon kilomita 15. Cikin ramin ga zafi, ga ruwa kwance, ga rashin masai. Ma'aikata, yawancinsu Italiyawa, suka yi ta ramewa suna mutuwa, likitoci suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska da rashin hasken rana. A 1880 Edoardo Perroncito na birnin Turin ya duba bayan gidansu, ya tarar da ƙwayaye birjik.

Saura tambaya guda: ta ina take shiga jiki? Kowa ya ɗauka ta baki ne kaɗai. A Alkahira kuwa, wani Bajamushe, Arthur Looss, yana cikin aiki sai ruwa mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar ya ɗiga masa a hannu, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ya kankare fatar ya duba, ya ga sun shige. Bayan waɗansu makonni ya sami ƙwayayen a cikin nasa bayan gidan, ya kuma sanar da duniya a 1898.