Yadda Audugar Afirka Ta Shiga Teburin Cinikin Duniya

A 1947 ƙasashe 23 suka rattaba hannu a birnin Jeniba kan yarjejeniyar GATT, wadda ta tsara yadda za a rage harajin shigo da kaya tsakaninsu. A lokacin, kusan duk Afirka na hannun Turawan mulkin mallaka, don haka ba da mafi yawanta aka zauna ba. Shekaru suka yi ta tafiya ana rage haraji a kan motoci da injuna, kayan da ƙasashe masu arziki ke sayarwa, amma aka kauce wa noma da tufafi, inda talakawan ƙasashe ke da abin kai wa kasuwa. Wannan ne ya sa ƙasashe masu tasowa suka haɗa kai a 1964 suka kafa rukunin G77.

Noma bai shiga tattaunawar da gaske ba sai a zagayen Yurugwai, wanda aka fara a 1986 aka kammala a Marrakesh a 1994. Daga nan aka haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ranar 1 ga Janairun 1995. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa Amurka da Turai damar ci gaba da tallafa wa manomansu da maƙudan kuɗi. Su kuwa ƙasashen Afirka, tun shekarun 1980 sharuɗɗan bashin Bankin Duniya da IMF suka sa su janye tallafin taki da rusa hukumomin sayen amfanin gona.

A auduga ne rashin daidaiton ya fito fili. Manoman auduga na Amurka ba su wuce kimanin 25,000 ba, amma a kakar 2001 zuwa 2002 sun karɓi tallafin sama da dala biliyan 3. Wanda gwamnati ke cike masa giɓi ba ya rage noma don farashi ya faɗi. Ya ci gaba da zuba auduga a kasuwa, farashi ya ƙara karyewa, asarar ta faɗa kan manomin Kutiyala a Mali da na Mundu a kudancin Chadi, waɗanda suka fi shi noma da arha.

An buɗe zagayen Doha a Nuwamban 2001 da alkawarin cewa wannan karon buƙatun ƙasashe masu tasowa ne a gaba. Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka riƙe wannan alkawari. A Yunin 2003 shugaban Burkina Faso, Blaise Compaoré, ya je Jeniba da kansa ya gabatar da buƙata biyu: a soke tallafin auduga, a kuma biya su diyya kafin a gama sokewa. A taron Kankun na ƙasar Meziko, cikin Satumban shekarar, daftarin da aka kawo musu ya ba su shawarar su nemi wasu sana'o'i su rage dogaro da auduga. A lokaci guda Turai na matsa lamba a buɗe sabbin batutuwa kamar dokokin zuba jari. Wakilan Afirka suka ce albarka, ciniki bai faɗa ba, taro ya watse.

A Hong Kong, Disamban 2005, an amince a soke tallafin fitar da auduga waje. Amma mafi yawan kuɗin da manomin Amurka ke samu tallafin cikin gida ne, shi kuwa alkawari kawai aka yi a kansa. Tattaunawar Doha ta sake cijewa a Yulin 2008, bayan saɓani tsakanin Amurka da Indiya kan kare ƙananan manoma.

Brazil ta bi wata hanya dabam. Ta kai ƙarar Amurka gaban WTO a 2002, ta yi nasara, aka kuma ba ta izinin ramuwa a kan kayan Amurka a 2009. Da Amurka ta ga kamfanoninta za su ji a jika, sai ta yarda a 2010 ta riƙa biyan ɓangaren audugar Brazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara, kafin a rufe rigimar da dala miliyan 300 a 2014. Ƙasashen Afirka huɗu ba su sami irin wannan diyya ba. Hujjarsu ɗaya ce da ta Brazil, amma ko an ba Chadi izinin ƙara haraji kan kayan Amurka, kasuwarta ba ta kai girman da Washington za ta damu ba.

Abin da suka samu shi ne matsayar taron Nairobi na 2015, wadda ta haramta tallafin fitar da amfanin gona, da kuma Ranar Auduga ta Duniya, 7 ga Oktoba. Tun Maris 2021 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantar WTO, amma ba shugaba ke yanke hukunci a can ba, sai duka mambobi sun yarda. Batun tallafin cikin gida, wanda ya kai Compaoré Jeniba, har yanzu ba a warware shi ba.