Daga Satar Doki Zuwa Kan Takardar Kuɗi

Kwanakin baya wani abokina ya nuna min takardar dala 20 ta ƙasar Ostareliya, da hoton wata dattijuwa a jiki, sunanta Mary Reibey. Da na bi tarihinta sai na tarar ashe fursuna ce aka kai ta ƙasar. A 1791 aka kama ta a Ingila da dokin sata, ba ta kai shekara 15 ba, aka yanke mata shekara 7 a wata uwa duniya.

A Ingila ta wancan zamani laifi sama da 200 hukuncinsu rataya ne, har da satar abin da ya wuce sule ɗaya. Sassaucin da ake yi wa ɓarawon hankici ko riga shi ne a loda shi a jirgin ruwa. Da farko Amurka ake kai su. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a can a 1775, ƙofar ta rufe, gidajen yari suka cika, har tsofaffin jirage a kogin Thames aka mayar kurkuku. Sai aka juya Ostareliya. Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a watan Mayun 1787, suka isa a Janairun 1788. Daga nan zuwa 1868 an kwashe mutum kusan 162,000.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne, shekara 7 ɗin a takarda kawai take. Wanda ya gudo gida kafin wa'adi, rataya. Wanda ya gama kuma ba a ba shi kuɗin jirgi, yawancinsu ba su sake ganin iyayensu ba. Su suka sare daji suka yi hanyoyi, a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalinta.

Mary ta yi aure a Sydney, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa, ta rasu a 1855. Amma duk Mary ɗaya, dubbai sun ƙare ba a san kabarinsu ba.

Mu da neman abinci ya rabo da gida, ko ba komai da Sallah mukan hau mota mu je mu gaida tsofaffi. Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya.